Sunayen da Keziah Take Kira Ranar Lahadi

In aka ce maka Keziah Tangoa ta sa ka a addu'a, to ka koma gida ka duba rufin ɗakinka. Haka ake faɗa a garinmu, baƙaƙe da farare, kuma ni Myrtle ina cikin waɗanda suka yaɗa maganar, saboda haka kada wani ya zo yana koya mini wace ce ita. Shingen kwano ɗaya ne ya raba gidana da nata shekara talatin da ɗaya. Na san tarinta, na san ranar wankinta, na san har ta koma ga Mahaliccinta ba ta iya dafa gwaza ba. Abin da ban gama sani ba shi ne abin da ke cikin ranta in ta rufe ido.

Ubanta, Willie Tangoa, yana yaro aka sato shi daga tsibirinsu aka zuba shi a jirgin ruwa, aka kawo shi Queensland yankan rake, kamar iyayenmu duka. Tangoa ɗin ma sunan tsibirin ne, ba nasa ba. Magatakardan jirgi ne ya ga ainihin sunan ya yi wa alƙalaminsa tsawo. Da gwamnati ta gama tatsar mutanenmu ta ce a kwashe su a mayar, Willie yana cikin 'yan kaɗan da aka bari. Ya ƙare rayuwarsa a wata bukka a kusurwar gonar tsoho Pringle, kusa da rafi. An yi masa baftisma, ya fi faston Turawa haddar Zabura, amma da ya mutu sai aka ce wurinsa a makabartar gari yana bayan shinge, inda ake binne arna. 'Ya'yansa suka ce ba da su ba. Suka binne shi a kusurwar nan tare da mutum shida da suka riga shi. Ba dutse, ba rubutu. Mangwaro uku aka dasa, su ne alamar.

Keziah ta tashi tana wanki da guga a gidajen Turawa. Ta yi aure, mijin ya mutu da wuri, Allah bai ba ta haihuwa ba. Doguwa ce, ba ta da fara'a, kuma ba ta iya zagi ba, abin da ni nake ɗauka nakasa ce a jikin mace.

Abin ya faro ne daga hula. Ta tara 'yan kuɗinta ta shiga kantin Herbert Doyle za ta sayi hular zuwa coci, ta ɗaga ɗaya za ta gwada, sai ya ce ta ajiye, wai in ta taɓa kanta ba wadda za ta ƙara saya. Ta ajiye, ta fita. Ranar Lahadi a 'yar majami'armu ta bakin rafi, bayan wa'azi, lokacin da ake ba kowa dama ya miƙe ya yi addu'a, sai ta tashi. Ta juya ta fuskanci wajen gari, ta ce, "Ya Ubangiji, ga Herbert Doyle." Ta roƙa masa lafiya, ta roƙa masa ciniki, ta roƙa wa matarsa sauƙin ciwon ƙafa. Sannan ta rufe da wasu kalmomi cikin harshen ubanta, wanda ba wanda ya rage yana jin sa a cikinmu.

To mu dai mun san abin da muka sani. Tsofaffinmu masu tsafi, waɗanda muke ce wa masu furi-furi, in za su yi wa mutum aiki, gidansa suke fuskanta, su kira cikakken sunansa, su yi magana da harshen tsibiri. Kowa ya sunkuyar da kai yana leƙen na kusa da shi. Bayan wata biyu guguwa ta zo ta yaye rufin kantin Doyle. Ta yaye rufin rabin garin ma, har da na cocinmu, amma wa ya ƙirga waɗannan?

Daga nan duk wanda ya ci mata mutunci sai ya ji sunansa ranar Lahadi. Mai sayar da tikitin silima da ya kora ta kujerun gaba inda wuya ke ƙagewa. Matar da ta rataye mata kofin gwangwani a ƙusa a bayan gida don kada ta sha da nasu. Wasu suna zama a bakinta mako ɗaya, wasu shekara. In ɗayansu ya yi tuntuɓe sai mu ce, ka gani ko? In ya samu ƙarin girma sai mu ce, a jira dai.

Ni ma na kai mata suna, ba zan ɓoye ba. Beryl Stubbs, matar mahauci, ta kira 'yata biri a gaban mutane. Na shiga taɓo har gwiwa na kamo ƙaguwa biyu manya, na dafa, na zagaya shinge.

"Yaya Keziah, ga ɗan abin taɓawa."

"Myrtle, ke da ko gishiri sai an yi rantsuwa kike bayarwa? Me ya faru?"

"Beryl Stubbs. Ina so ki sa ta a addu'a." Na kashe mata ido ɗaya. "Irin taki."

"Iri nawa ce?"

"Haba Yaya, ni ce fa. A matsa mata sosai."

Ta cinye ƙaguwar tas, har da tsotse ƙafafu. Ranar Lahadi ta kira Beryl Stubbs, ta matsa mata sosai kuwa. A shekarar Beryl ta ci kyautar farko a gasar toya waina ta baje-kolin gari, 'yarta ta haifi tagwaye, mijinta ya buɗe shago na biyu. Na tare Keziah a bakin famfo na ce ta biya ni ƙaguwata. Ta ce, "Ai abin da kika ce na yi." Na dube ta na ga ko gezau. Na ce a raina, ko dai matar nan waliyyiya ce, ko kuma ta fi mu duka iya taku.

A shekarar saba'in da huɗu manoman rake suka sallami masu adda suka koma injin yanka. Shi kuwa injin dogon layi yake so miƙaƙƙe, ba ya son kwana. Alec Pringle, ɗan tsohon, wanda ya gaji gonar, ya auna ya ga mangwaron nan uku sun tsaya masa a wuya. Labari ya zo mana cewa ya yi magana da mai katafila a tumɓuke su kafin shuka.

Keziah ta sa hularta ta tafi, ni kuma na bi ta, don ba a barin irin wannan kallo. Muka tsaya a matakalar baya, inda irinmu ke tsayawa. Ya fito yana sakace haƙori.

"Mista Pringle, na zo ne kan mangwaron bakin rafi. Babana yana ƙarƙashinsu."

"Wa ya ce?"

"Ni na zuba masa ƙasa. Kai ma kana wurin, kana kan shinge da gajeren wando."

"Kina da takarda?"

"Wa yake ba mu takarda a lokacin?"

"To kin gani. Ni a takardata gona ce. In kowane Kanaka irinku 'yan tsibiri zai zo ya nuna mini bishiya ya ce kakansa ne, ai sai in koma kiwon jemagu." Ya juya ya shige, ƙofar raga ta bugu a bayansa.

A hanya ban bar kowa a zuriyar Pringle ba, har kakarsa da ban taɓa gani ba sai da na wanke ta da zagi. Ranar Lahadi Keziah ta miƙe ta fuskanci gonar.

"Ya Ubangiji, ga Alec Pringle."

Aka ce amin da ƙarfin da ban taɓa ji ba. Har ƙanenta Cedric, wanda rabonsa da coci tun bikin aurensa, ya dawo yana zama a bencin gaba. Kowa ya ɗauka an ɗaura yaƙi.

Mako na biyu sarƙar sabon injin ta tsinke. Mako na uku maciji ya sari karen Alec. Mai katafilar, wani mutumin Malta da ake kira Salvu, ya aiko cewa motarsa ba lafiya, alhali kowa na ganinta tana aiki a wata gonar. Mako na biyar Alec ya kwanta. Wasu ƙuraje masu zafi suka fito masa daga tsakiyar baya suka zagayo haƙarƙari kamar ɗamara. Likita ya ce ciwo ne sananne, zai wuce cikin mako uku. Mu kuma muka ce in ɗamarar ta haɗe, sai a nemi mai haƙa rami.

Wata ranar Laraba da hantsi sai ga mota ta tsaya a ƙofar Keziah. Noreen Pringle ce, matar Alec, da jaka a hannu da safar hannu fara. Tun da aka kafa unguwarmu Baturiya ba ta taɓa hawa matakalar gabanmu ba sai in ta zo neman mai wanki. Nan take na tuna sukarina ya ƙare, na ɗauki kofi na zagaya. Cedric yana baranda yana gyaran komar kamun kifi.

Keziah ta ba ta kujera, ta zuba mata shayi a kofin tangaran mai fure. Noreen ta riƙe shi kamar an ba ta kunama. Ba ta kurɓa ba.

"Keziah, ba zan yi dogon zance ba. Mijina ba ya barci. Ko riga ba ya iya sawa."

"Na ji. Allah ya ba shi sauƙi. Ina yi masa addu'a."

Noreen ta ce, "Abin da ya kawo ni ke nan. Ki daina."

"In daina me?"

"Kin san abin da nake nufi. Ki cire sunansa daga bakinki, da wannan yaren da kike yi a ƙarshe. Na yi magana da shi, ya yarda. In kin daina, mangwaron za su tsaya. Zai sa a kewaye wurin da waya, ya rubuta ya sa hannu."

Cedric ya saki komar ya miƙe. Ni kuwa saura kaɗan in yi guɗa. Shekara nawa muna roƙon mutanen nan abu suna hana mu, yau ga su sun kawo da ƙafarsu.

Keziah ta ce, "Misis Pringle, me kike tsammani nake roƙa masa?"

"Ban sani ba. Ba na son in sani."

"Lafiya nake roƙa masa. Da ruwan sama a kan lokaci. Da 'ya'yanku su dawo daga makaranta lafiya. Wancan yaren kuwa Addu'ar Ubangiji ce, wadda kike yi a cocinku, Ubanmu wanda ke cikin sama. Babana ne ya koya mini da harshensu. Ita kaɗai ya bar mini."

"To in haka ne me zai rage ki in kin daina?"

Tambayar da ni ma nake son yi ke nan.

"In na karɓi mangwaro na daina, na gaya miki da bakina cewa tsafi nake yi. Ke za ki gaya wa mijinki, gari ya ɗauka. An hana babana makabarta an ce arne ne. Yanzu ni 'yarsa in sa hannu a takarda cewa addu'ar da ya koya mini sammu ce? Ku bar masa mangwaronsa don mutum ne aka binne a wurin. Don wannan kaɗai. Ba na sayar da addu'a."

Cedric ya leƙo ta taga. "Yaya, kin haukace ne? Yi a zuci mana! Allah kurma ne?"

"In na yi shiru ranar Lahadi ai na amsa, Cedric. Kowa zai ce an biya ta."

"A ce mana! Ni a kira ni boka, a kira ni jikan boka, in dai garma ba za ta bi ta kan Baba ba. Ke mutuncinki kike karewa, ba nasa ba."

Keziah ta juya ga baƙuwar. "Bari in gaya miki gaskiyar da ban taɓa gaya wa fasto ba. Kullum na farka, sunan mijinki ne a bakina, ɗaci kamar na tauna maɗaci. Dole in kai shi wani wuri in sauke. In ban kai wa Yesu ba, ashana zan kai wa. Na san inda rakenku ya fi bushewa, na san daga ina iska ke tasowa da la'asar. Kada ki roƙe ni in daina."

Noreen ta yi fari fat, fiye da yadda Allah ya yi ta. Ta ajiye shayin, ta lallaɓa ta fita. A bakin matakala ta tsaya ta dube ni, wai ni za ta tambaya.

"Da gaske take? Addu'a ce kawai?"

Na ce, "Uwargida, ni sukari na zo aro."

Me zan ce mata? Ni kaina ban sani ba. Wanda ya ce maka yana yi maka addu'a don kada ya ƙone ka, godiya za ka yi masa ko 'yan sanda za ka kira?

Unguwa ta rabu biyu. Wasu suka ce dabara ce, tana jan farashi, so take a haɗa mata da dutsen kabari. Wasu suka ce aikin ya riga ya fi ƙarfinta, ba ta iya janye shi. Wanda ya ce kawai abin da ta faɗa take nufi, fasto ne kaɗai, shi ma da sanyin murya. Na sa mata ido ta ramin shinge kwana da kwanaki ko zan ga wani ƙulli ko toka ko gashin kaza. Ban ga komai ba sai tsohuwa tana shanya zanen gado.

Ƙurajen Alec suka bushe cikin mako uku, daidai yadda likita ya faɗa. Da ya miƙe ya ji cewa ya miƙa hannu an ƙi karɓa, kuma wai har da zancen ashana, sai kunya ta koma masa fushi. Ya sa ɗan sanda ya zo ya yi wa Keziah kashedi. Salvu ya ce shi har yanzu motarsa ba lafiya, sai Alec ya karɓi aron katafilar ya hau da kansa.

Ranar Alhamis ce, rana tsaka. Muna tsaye a kan layin dogon jirgin rake, mu kusan ashirin, don nan ne iyakar gonarsa. Mangwaron shekara arba'in ba ya faɗuwa da sauƙi. Sai da ya ɗaura sarƙa ya ja, ya koma ya sake ja, saiwoyi suna fashewa kamar ana harbi. Cedric yana kuka yana zagi, maza biyu suna riƙe da shi. Keziah tana tsaye da hularta, leɓɓanta suna motsi. Na matsa kusa in ji ko tsinuwar ce ta fito a ƙarshe, sai na ji ƙirga take yi. Tana ƙirga sandunan shinge daga bakin rafi zuwa inda bishiyar tsakiya take, don ta san wurin in an shafe shi.

Kafin la'asar an tara bishiyoyin gefe guda, an bi wurin da garma. Cedric ya zo gabanta ya ce, "Ga addu'arki nan, Yaya. Ki ci." Shekara shida bai ƙara taka gidanta ba.

Ranar Lahadi ko a bikin Kirsimeti ban ga cocinmu ya cika haka ba. Har waɗanda suka koma cocin masu ibada ranar Asabar sun zo. A waje, ƙarƙashin itatuwa, ga motocin Turawa biyu an sauke gilashi, wai iska suke sha. Fasto ya yi wa'azi a gurguje, shi ma ya san ba don shi aka zo ba. Da aka ba da damar addu'a ba wanda ya motsa. Duk ido yana kan benci na uku, inda Keziah take zaune.

Ta daɗe ba ta tashi ba. Da ta tashi sai da ta dafa bencin gaba, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta juya ta fuskanci gonar. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta rufe. Ana jin kukan jaririn wata a baya, uwar tana toshe masa baki da nono.

"Ya Ubangiji," in ji ta. Sai shiru, har na fara ƙirga numfashina. "Ga Alec Pringle."

Muryar kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Ta roƙa masa lafiya. Ta roƙa wa matarsa kwanciyar rai. Sannan ta ce, "Raken da zai shuka a kusurwar nan, ka sa ya yi kyau." Rake a kan Willie Tangoa, a niƙa, a yi sukari, a zuba a shayin mutane. Albarka ce wannan ko me? Ta rufe da harshen ubanta, ta zauna. Fasto ya ce amin shi kaɗai, sai wata tsohuwa kurma da ta ga bakinsa ya motsa ta bi shi. A waje motocin suka tashi ɗaya bayan ɗaya.

Muka kamo hanyar gida mu biyu, har muka wuce gadar katako. Ni dai cikina ba ya riƙe magana.

"Yaya, tsakaninki da Allah. Da zuciya ɗaya kika yi wannan addu'ar?"

Ta cire hular tana fifita da ita, tana kallon hanya.

"Ta yau? A'a."

"To me ya sa kika yi?"

"Shi ya sa zan sake mako mai zuwa," in ji ta. "Ki ɗaga ƙafa, Myrtle, na bar wake a kan wuta."